Ranar da Malam Talle Ya Ajiye Hula

Ashraf ya ga lokacin da hular ta sauka ƙasa, kuma ya san abin da take nufi.

Yana tsaye ne a bakin rijiyar tsakar gidan Malam Talle da ke Ƙofar Guga, waya a hannu yana ɗaukar wasan, bayan la'asar, ranar Juma'a ta biyu cikin azumin shekarar korona. Dattijon na zaune kan turmin da aka kife, ya fito a matsayin tsohon da aka kawo asibiti yana rantsuwa lafiyarsa lau. Tun farkon wasan yake tari, tarin kuma yana ba da dariya, domin duk birnin Katsina babu wanda ya kai Malam Talle iya tarin ƙarya. Can sai ya ɗaga hannu a hankali, ya cire hularsa, ya sunkuya ya ajiye ta gaban ƙafafunsa. Ya ɗago ya dubi Ashraf. Idanunsa sun yi ja, kuma babu wasa a cikinsu.

Ashraf ya gani sarai. Amma bai sauke wayar ba.

Sunan yanka na Malam Talle Mahmud, sai dai ko shi kansa yakan yi jim kafin ya amsa shi. A unguwar Gobarau aka haife shi, mahaifiyarsa ta rasu yana goye, kakarsa ta raine shi da nonon akuya da kunu, sunan Talle ya bi shi har furfura. Yana yaro shi ne kan gaba a tashen unguwarsu duk azumi. Da ya girma ya samu aikin masinja a wata ma'aikatar gwamnati, ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Yakan ce a bakin ƙofofin nan ya yi karatunsa. A nan ya ga yadda mutum ke ƙanƙan da kai idan zai shiga wurin maigida, da yadda yake buɗe kafaɗa in ya fito ya tarar da na ƙasa da shi. Ya san tarin da darakta ke yi in bai karanta takarda ba, ya san dariyar da akawu ke yi wa zancen da bai ba shi dariya ba. Duk ya kwashe ya adana, babu wanda ya lura, don ba a duban masinja.

Tun kafin ya yi ritaya ya buɗe ɗan shagon buta da tabarma da igiya kusa da ƙofar gari. A gaban shagon nan, shekara goma sha tara da suka wuce, ya fara kwaikwayon mutanen ofis yana ba maƙwabta dariya. Wani ya ce a yi mana mai unguwa, wani ya ce a yi mana direban tasha. Da abin ya yi yawa sai ya jawo mutum biyu suka taya shi, aka koma filin bayan shagon, aka tsayar da ranar Juma'a bayan la'asar. Sunan ƙungiyar ma 'yan kallo ne suka raɗa mata: Faɗi Mu Yi.

Ba a rubuta komai, ba a gwaji. 'Yan kallo ne ke jefo abin da za a yi. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ɓarawon akuya ya haɗu da surukinsa a kasuwa!" Kafin ya rufe baki an fara. Dokar Malam Talle babba ita ce ba a ƙaryata abokin wasa. In ya ce kai jaki ne, to ka fara haniniya ko kuka, kada ka tsaya gardama. In ya miƙo maka iska ya ce jariri ne, karɓa ka goya. Saboda wannan dokar babu wata kalma da mutum zai faɗa a fili a gane da gaske yake. In ka ce "ku tsaya," abokinka zai mai da ita wasa. In ka ce "zan mutu," zai fara haƙa kabari. Shi ya sa tun farko Malam Talle ya sa alama guda: duk wanda wani abu ya same shi da gaske, ya cire hula ya ajiye a ƙasa, mace kuwa ta cire takalmi ɗaya. Da an gani, wasa ya ƙare.

Sau biyu kacal aka taɓa ajiye hula a shekara goma sha tara. Sau ɗaya kunama ta harbi wani a tsakiyar fili, sau ɗaya kuma wani ya hango ƙanensa ya zo masa da labarin rasuwa. Duk waɗanda suka ga wannan sun tsufa ko sun bar gari. 'Yan wasan yanzu, in ma sun taɓa ji, a matsayin tsohon labari suka ji.

Ashraf kam bai manta ba, don shi mutum ne mai tambaya. Ya gama jami'a yana zaman jiran a kira shi bautar ƙasa, ya zo kallo wata Juma'a ya jefo wani batu mai tsawo da Turanci a ciki. Malam Talle ya kamo hannunsa ya jawo shi fili. "Tunda kai ka san shi, Digiri, zo ka nuna muna." Ranar Ashraf ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, aka yi ta dariya, sunan Digiri ya zauna. Bayan an watse ya tsare dattijon da tambayoyi har magariba, a ciki har da wannan: to in mutum ya ji ciwo da gaske fa? Malam Talle ya cire hularsa ya nuna masa.

Da aka hana taro saboda korona, filin bayan shago ya koma wurin kwanan awaki. Mutanen ƙungiyar, su goma sha ɗaya, kowa ya ce a dakata tukuna a ga abin da Allah zai yi. Malam Talle bai yarda ba. Ya ce ƙungiyoyin wasa uku ya sani a garin nan da suka ce za su huta na wata guda, kuma har yau hutun suke. Ya ce mutum in ya yi Juma'a uku bai fito ba, ta huɗu kunya ce za ta hana shi.

Suka fara gwada wasa ta waya, a haɗa layi huɗu. Bai yiwu ba. Almu mahauci, wanda ya fi kowa saurin baki a ƙungiyar, yakan jefa magana, sai ta isa kunnen sauran bayan an wuce wurin. Malama Baraka, malamar firamare da ke fitowa a uwa ko ma'aikaciyar jinya, ta yi kuka mai kyau na minti guda ba ta san layinta ya yanke ba. Malam Talle kuma ya riƙa gyaɗa kai da zare ido, ya manta babu mai ganinsa.

Ashraf ne ya kawo shawarar. Ya ce mutum huɗu ba taro ba ne. A haɗu a tsakar gidan Baba Talle, 'yan kallo su aiko da batu ta saƙon murya a zauren Watsaf, shi ya ɗauka a waya ya tura. Ya ce ya karanta, in aka ba da tazarar taku uku babu matsala. Ya faɗi haka da muryar wanda ya yi jami'a, aka kuwa yarda.

Inna Mairama, matar Malam Talle, ita ce kaɗai ta ja. "Malam, ciwon sukarinka fa? An ce masu shi cutar ta fi kayarwa."

"Wa ya ce?"

"Rediyo."

"Rediyon nan tun ina masinja yake cewa za a gyara muna ruwan famfo."

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta ɗebo toka a murhu ta zana da'ira huɗu a ƙasa, kowa da tasa. Juma'ar farko an tsaya a cikinsu. Ta biyu Almu ya fito daga tasa don ya kama ɓarawo. Wasan da ba a shirya ba ba ya zama a da'ira, dole a kama hannu, a raɗa a kunne, a faɗa jikin juna. Zuwa Juma'a ta uku ƙafafu sun share tokar, Inna Mairama kuma ba ta sake zanawa ba.

Abin ya karɓu fiye da yadda aka zata. Mutanen da dokar kulle ta tsare a gida suka riƙa tura bidiyon wa juna. Saƙonni suka riƙa zuwa daga Batagarawa, daga Katsinawan da kulle ya rutsa da su a Legas, daga matan da ba su taɓa zuwa filin ba. Malam Talle yakan sa Ashraf ya kunna masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, yana kara wayar a kunne yana murmushi. Ya ce shekara goma sha tara yana wasa, sai da aka kulle shi a gida ya yi suna.

A kwanakin nan ne labarin mace-macen dattawa a Kano ya cika gari. Kullum da safe sai an ji wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ashraf yana bin labaran a waya har idonsa ya yi zafi, ya haddace alamomin cutar kamar zai yi jarrabawa a kansu. Mako guda kafin Juma'ar da hular ta sauka, wani tsohon abokin aikin Malam Talle ya rasu, shi ma bayan gajeriyar rashin lafiya. Malam Talle ya je, da shi aka yi wanka, da shi aka ɗauki makara. Ashraf ya sani.

Ya kuma ji abin da aka faɗa a gabansa ranar Juma'ar, suna gaisawa. Dattijon yana tsokanar matarsa, wai kwana biyu ke nan tana yi masa miya ba gishiri ba daddawa, halan ta fara tsimi ne saboda kulle.

"Daddawa har biyu na sa," in ji ta. "Bakinka ne na azumi."

Ashraf ya ɗago kai daga wayar. Rashin jin ɗanɗano yana cikin abin da ya haddace. Ya dubi dattijon, ya ga yana dariya, ya ce wa kansa bakin azumi ne. Ya kunna saƙon da aka zaɓa. Wata mata ce daga Batagarawa, tana dariya tun kafin ta gama: a yi musu tsoho mai taurin kai da likita matsoraci.

Wasan da ake ciki ke nan hular ta sauka.

Almu, wanda ya fito a likita, ya ga hula a ƙasa, ya yi abin da shekara shida ana koya masa: ya karɓi abin da aka miƙo. Ya yi tsalle ya sure ta.

"Madalla! Majinyaci ya zo da takunkuminsa daga gida! Irin ku muke so, Baba!"

Ya kifa ta a bakin Malam Talle. Dattijon ya yi tari a ciki, mai tsawo, har kafaɗunsa suna rawa. Almu ya fizge ta.

"A'a, tsaya. In likita ya mutu wa zai duba ka? Ni na fi cancanta."

Ya rufe nasa hancin da bakin da ita, yana magana ta ciki kamar mai mura. Malama Baraka ta taso da tafiyar ma'aikatan jinya, ta ce ai ita ce mai taɓa marasa lafiya, likita sa hannu kawai yake yi, ta ƙwace ta manna a fuskarta. Inna Mairama tana bakin madafa da muciya a hannu, dariya har da hawaye.

Malam Talle ya buɗe baki, numfashin bai isa ya ɗauki magana ba. Ya sake duban Ashraf. Daga nan sai ya yi abin da ya koya wa kowa. Tunda abokan wasa sun ce hula takunkumi ce, to takunkumi ce. Ya miƙa hannu yana roƙon a dawo masa da ita, yana zare ido, kuma ko a haka ya fi su duka ba da dariya.

Ashraf ya ce wa kansa wataƙila zafi ne ya sa ya cire. Ya ce wataƙila sabon salo ne. Ya ce bari a kai ƙarshen wannan gaɓar. A ƙarƙashin duk wannan akwai wani tunanin da har yau yake jin kunyarsa: ba su taɓa yin wasan da ya kai wannan kyau ba. Lambobin da ke saman wayar suna ta tafiya. Daga saukar hular zuwa lokacin da dattijon ya zame daga kan turmin ya kwanta a gefe, minti shida ne da daƙiƙa arba'in. Ashraf ya ƙirga daga baya, ba sau ɗaya ba.

"An sallame shi!" in ji Almu, ya durƙusa ya kama wuyan dattijon kamar mai duba jijiya. Ya janye hannun ya dube shi. "Kai. Jikin nan wuta ne."

Suka kwantar da shi a tabarma a inuwa. Inna Mairama ta ce azumin nan ya karye, ta ɗura masa ruwa da cokali. Bayan ɗan lokaci ya buɗe ido, numfashin ya ɗan daidaita. Ya bi su da kallo har ya tsaya kan Ashraf.

"Digiri. Ka ga hular?"

"Na gani, Baba."

"To."

Almu ya tambaya wace hula, Malama Baraka ta dafe baki, don ita ta tuna a lokacin. Ta dubi hular da ke hannunta har yanzu, ta sake ta ta faɗi.

Ashraf ya ce a kira lambar da ake sanarwa a rediyo. Almu ya miƙe tsaye.

"A kira wa? Masu fararen kayan nan? Su zo da jiniya su tsaya ƙofar gidan nan, gobe wa zai sayi nama a hannuna? Kai ba ka da iyali, ba ka da teburi a kasuwa. Zazzaɓin sauro ne da azumi, kowa na yi."

"Almu, ba ya jin ɗanɗano."

"Ni ma in na ci tuwon gidanku ba na ji."

Babu wanda ya yi dariya. Malam Talle ya ɗaga hannu daga kwance, ya ce kada a kira kowa, gobe zai tashi. Ya ce kuma a tura wasan, mutane na jira, ba za a bar Juma'a ta wuce wayam ba. Ashraf ya yanke ƙarshen, daga inda Almu ya taɓa wuyan, ya tura kafin a sha ruwa.

Kafin lokacin tarawihi ya wuce saƙonni sun fi ɗari. Wani ya rubuta cewa matarsa ta ƙware da kunu saboda dariya. Matar Batagarawa ta aiko da godiya. Da yawa sun rubuta abu guda: wallahi tarin nan kamar gaske.

Asabar bai tashi ba. Lahadi da safe Ashraf ya tsaya daga zaure ya yi sallama, Inna Mairama ta fito ba ta ko amsa gaisuwar ba. Ta ce a zaune ya kwana, in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Daga zauren ana jin shi, wani irin ja kamar ana zuƙar ruwa a ƙasan randa. Ashraf ya fita waje ya kira lambar. Sau tara ya kira kafin a ɗauka.

Litinin da hantsi ma'aikatan lafiya suka zo, mota biyu, babu jiniya, amma unguwa duk ta leƙo. Wanda ke jagorantarsu, wani mai suna Sa'idu da ba a ganin komai nasa sai ido, ya tara su a tsakar gida nesa da juna, da takarda a hannu. Ya tambaya wa ya kusanci mara lafiya a kwanakin nan. Almu ya ce shi daga nesa suke gaisawa. Malama Baraka ta sunkuyar da kai. Inna Mairama ta ce ita dai matarsa ce.

Ashraf ya ciro wayarsa ya buɗe bidiyon, cikakken, ya ajiye a bakin rijiya ya ja baya.

Sa'idu ya ɗauka da safar hannu. Minti na farko kafaɗunsa suka motsa, dariya ta kuɓuce masa ta cikin takunkumin. Ya ce ai ya ga wannan, ƙanwarsa ta turo masa. Sai aka zo wurin da Almu ya kifa hular a bakin dattijon. Dariyar ta tsaya. Ya mai da baya ya sake kallo. Ya bi hular da ido daga fuska zuwa fuska, yana rubutu.

"Wane ne likitan?"

Almu ya kau da kai daga Sa'idu. Ya juyo ya dubi Ashraf, kallon da Ashraf bai taɓa gani a fuskarsa ba.

Aka zura wa kowannensu tsinken auduga a hanci, aka ce kowa ya killace kansa, za a kira in sakamako ya fito. Malam Talle, da za a tafi da shi asibiti, ya ƙi a ɗauke shi, ya ce da ƙafarsa zai fita. Ya yi taku bakwai zuwa zaure ya tsaya ya dafa bango. A ƙofar gida ya ga maƙwabta sun yi cirko-cirko daga nesa, wasu sun toshe hanci da gefen riga. Ya ɗaga musu hannu irin na manyan ofis in za su shiga mota. Mutum ɗaya ko biyu suka yi dariya, suka kuma yi saurin haɗiye ta.

Tun ranar Ashraf yake killace a ɗakinsa da ke zauren gidansu. Mahaifiyarsa takan ajiye kwanon buɗa-baki a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta koma, ya ji tana tsaye daga can tana sauraron ko zai yi tari. Yana da ɗan kwalbar man zafi da yake shinshinawa kusan kowace awa don ya tabbatar hancinsa na aiki. Ya goge bidiyon daga zauren Watsaf, amma ya riga ya yi nisa, har a wasu zaurukan ana turo masa shi.

Laraba da azahar wayarsa ta yi ƙara, sunan Baba Talle ya fito. Muryar ta yi ƙasa, kalma biyu uku sai hutu.

"Digiri. Kana lahiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya jikin? Ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi. Nan kowa... kamar zai tahi duniyar wata. Ban san mace ba... ban san namiji ba. Jiya na ce ma wani 'yata... ya ce sunanshi Hussaini."

Ashraf ya yi dariya, dariyar ta juye masa ta zama wani abu. Ya ce, "Baba, ranar nan..."

"Jibi Juma'a."

"Baba, babu wanda zai iya. Almu ko wayata ba ya ɗauka."

"Zai ɗauka. Ku yi ta waya. Ku sa ni ciki... in ji." Ya yi shiru har Ashraf ya zaci layin ya yanke. "Ga batu. Masinja... an ba shi riƙon ofis... na yini guda."

Ranar Juma'a bayan la'asar Ashraf ya haɗa layin. Malama Baraka ta shigo. Ya kira Almu sau uku, a na huɗu ya ɗauka.

"Munafukin gwamnati, me kuma za ka kai rahoto?"

"Baba ne ya ce."

Almu ya ja tsaki. "To wa zai yi masinjan? Kai dai ba ka iya ba. Ba ni."

Aka kira Malam Talle, aka ɗauka, ba a yi magana ba. Abin da ake ji kawai wani huci ne mara yankewa, na iskar da ake sa wa marasa lafiya. Suka fara. Layin yana jinkiri kamar da, maganganu suna karo da juna, amma Almu ya hau kujerar darakta ya kori kowa daga aiki har da mai shara, Malama Baraka ta zo neman ƙarin girma ya ce ta dawo bayan Sallah ta shekarar da ba a sa rana ba. Muryar Almu ta ɗan dushe, Ashraf ya lura. Can cikin hucin sai aka ji wani sauti daga ɓangaren dattijon. Zai iya zama dariya. Ya ci gaba, ya yi tsawo.

"Ku tsaya," in ji Ashraf.

"Wa ya ba ɗan aike izinin magana a ofishina?" in ji Almu.

"Almu, da gaske nake. Na cire hula. Ku tsaya. Baba? Baba, kana ji na?"

Suka yi tsit su uku. Sautin bai tsaya ba. Aka ji takun sauri, aka ji ƙarar ƙarfe, sai muryar wata mata kusa da wayar, a gajiye, ta ce don Allah ya isa haka, mara lafiya na bukatar hutu. Layin ya yanke.

Daga lokacin wayar Malam Talle a kashe take. Jiya Asabar Sa'idu ya kira Inna Mairama ya ce an mai da shi ɗakin waɗanda ake sa wa ido sosai, yana raye, a ci gaba da addu'a. Ta tambaye shi ko cutar ce, ya ce ba zai iya cewa ba sai takarda ta zo, samfura sun yi yawa a wurin gwajin, ana bin layi. Matar Almu ta gaya wa Malama Baraka cewa tun daren Juma'a yake zazzaɓi, ya hana a faɗa wa kowa. Ashraf ya kira Sa'idu ya faɗa masa.

Yau Lahadi, kwana shida da ɗaukar samfurin. Sakamakon mutum biyar ɗin bai fito ba, kuma tun jiya da azahar babu wanda ya ji komai game da Malam Talle.